Shekarar da Kawu Ya Gajarce

Shekara uku na yi ina shiga motar kawuna kusan kullum da safe, daga bakin titin Sharada zuwa Challawa. A lokacin ina aiki a wani kamfanin jima, a sashen zaɓen fata. Aikina in ɗaga fatar akuya ko ta tunkiya, in duba ta a haske, in ga ko wuƙar mahauci ta yanke ta ko ƙazuwa ta ɓata ta, sannan in jefa ta tulin da ya dace da ita. Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ke kawo mana fatun. Yana da wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako, wadda ta girme ni, da ita yake ɗauko ɗanyar fata mai gishiri daga wani sito a Bompai. Tunda ta gabana yake wucewa, sai in tsaya kusa da teburin mai shayi, ya iso ya danna hon sau ɗaya, in haye.

Kawu dogo ne, irin dogayen da sai sun sunkuya a ƙofar zaure, kuma yana ji da tsawon nan nasa fiye da yadda yake bari a gani. Abu na biyu da yake ji da shi tsafta ce. Sana'a ta haɗa shi da wari, shi kuwa ya sha alwashin warin ba zai bi shi gidan gaban motar, inda direba ke zama, ba. Kowace safiya bayan sallar asuba zai buɗe ƙofofin motar, ya kwara bokiti biyu na ruwa da garin sabulu a inda muke ɗora ƙafa, ya bi da tsintsiya. A wurin akwai wata baƙar tabarmar roba mai kauri da aka yanko daga tsohon bel ɗin injin wani kamfani, an shimfiɗa ta tun daga ƙarƙashin birki har bayan kujera. Ban taɓa ganin an ɗaga ta ba. Ruwan yakan bi gefe-gefe ya ɓace, Kawu ya ce ya tsane. Da yamma mu shigo da takalman ruwa sharkaf da gishirin fata mu tattake ta, washegari a sake kwara mata ruwa.

Kujerar motar doguwa ce guda ɗaya, daga ƙofa zuwa ƙofa, direba da fasinja duk a kanta. Abin da na fara lura da shi a shekarata ta uku shi ne ina yawan matsawa jikin Kawu. Zan zauna a gefena, kafin mu wuce kamfani biyu sai in ji kafaɗata a jikin tasa. Ya ture ni da gwiwar hannu.

"Kai ba ka da ƙashi ne? Wurin nan duk bai ishe ka ba?"

In ba shi haƙuri in koma, bayan ɗan lokaci in sake tsintar kaina a jikinsa. Daga baya na koyi riƙe hannun ƙofa tun daga Sharada har Challawa.

Wata Litinin na shiga na tarar ya ɗora filo a mazauninsa. Ban tambaya ba. Bayan mako biyar ko shida filon ya zama biyu. Ranar ce, muna jiran wata tirela ta gama juyawa a tsakiyar titi, ya kashe rediyo ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ɗan nan, dube ni da kyau. Ka ga wani canji a tare da ni?"

Na ce ban ga komai ba, sai dai furfurar gemu ta ɗan ƙaru.

"Ba wannan ba. Shekara ashirin da huɗu ina tuƙa motar nan. Da, in na zauna, ina hango ƙarshen hancinta har da abin da ke gaban hancin. In akuya ta gifta ina ganin ƙafafunta. Yanzu kunnuwa kawai nake gani." Ya gyara riƙon sitiyari. "Gajarcewa nake yi."

Dariya ta taso min, sai na ga idonsa, na haɗiye ta. Da gaske yake, kuma a tsorace yake.

Matarsa, wadda mu 'ya'yan dangi muke ce wa Inna, ita ce ta fara awo. Ta tsayar da shi a jikin bangon zaure, ta hau turmi don ta kai kansa, ta ja layi da gawayi. Kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci sai a sake. Juma'a uku a jere, sabon layi na faɗawa kan tsohon.

"Malam, ga shi nan dai, ko ƙwayar gero ba ka ragu ba," in ji ta.

Kawu ya duba layin, ya duba bangon daga sama har ƙasa. "Ginin ƙasa ne. Damina ta faɗi, shi ma nutsewa yake yi. Tare muke sauka."

Aka je wurin telansa, wani dattijo da ya shekara da shekaru yana ɗinka masa kaya. Ya auna, ya ce tsawon riga yana nan yadda ya sani. A hanyar komawa Kawu ya ce da ni tela ba zai taɓa gaya wa mutum ya gajarce ba, tunda yadin da zai ragu nasa ne.

Asibiti ni na raka shi. Likitar wata matashiya ce mai saurin magana. Ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce raguwa yake yi. Ta ce ya hau sikeli.

"A'a, 'yata, ba ta nan ba. Ta sama."

Ta sa aka auna tsawonsa, ta danna masa baya, ta sa ya sunkuya ya miƙe. Ta ce ba ta ga komai ba, sai dai jininsa ya ɗan hau, ya rage gishiri. Kawu ya riƙe wannan kalma hannu biyu. Tun daga ranar Inna ta daina sa gishiri a miya, gida duka aka koma cin tuwo da miyar da ba ta da bambanci da ruwan ɗumi. Da na tuna abin daga baya sai na ga ashe likitar ta faɗi sunan cutar daidai, mara lafiyar ce ba mu kai mata ba.

Filo ya zama uku. A nan ne Kawu ya gano bayanin da ya daidaita masa komai. Ya nuna min gwiwoyinsa, waɗanda a yanzu suke kusan taɓa ƙasan sitiyari.

"Ka gani? Ƙafafun tsawo suke ƙarawa. Gangar jikin ce ke zubewa cikinsu. Shi ya sa in na tsaya ba a gane komai, abin da ya ragu a sama ya koma ƙasa. Sai na zauna asiri ke tonuwa."

Wani abokinsa direba ya ba shi shawarar ya riƙa miƙar da ƙashin baya. Akwai darbejiya a ƙofar gidansa. Kowace safiya bayan ya wanke mota sai ya kama reshe ya rataye, kuma saboda tsawonsa sai ya naɗe ƙafa kafin ya bar ƙasa. Maƙwabta masu fita aiki suka saba. Za su wuce su ce, "Malam, an tashi lafiya?" ya amsa daga reshen, ya tambayi iyali, su wuce.

Ni ma ina da nawa laifin. Na ga alamu. Na ga wani jan gari yana taruwa a bakin ƙofa. In muka shiga kwatami mai ruwa nakan ji sanyi ya taso ta ƙafar wandona, tabarmar ta ɗan kumbura ta koma, kamar cikin mai barci. Sau ɗaya na gwada yin magana.

"Kawu, anya ba kujerar ce take sauka ba?"

Ya dube ni kamar na zagi wani babba a dangi. "Kujerar da aka ɗaure da noti takwas tun daga kamfani? Mutum shi ke tsufa, ɗan nan. Ƙarfe ba ya tsufa in ana wanke shi."

A wurinsa tsatsa abu ce ta ƙazamai, kuma a fuska take fitowa, kowa ya gani. Motar da ake yi wa wanka kullum ina za ta gan ta? Ya fi masa sauƙi ya yarda jikinsa ne ya ci amanarsa da ya zargi motar. Ban sake tayar da zancen ba.

Abin ya faru wata safiya cikin tsakiyar damina, an kwana ana ruwa. Mun ɗauko hanyar da ta ratsa tsakanin kamfanonin Sharada, mota cike da fata, titi duk ya shafe ba a bambance rami da tudu. Tayar gaba ta hagu ta faɗa wani rami. Na ji wata ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya, na juya ban ga Kawu ba. Hannuwansa biyu suna nan a kan sitiyari, hularsa tana leƙowa ta tsakaninsu. Ɓangarensa na kujera ya ɓurma, ya sauka har sai da ya sami shasi, ƙarfen da ke ɗauke da motar ta ƙasa, ya zauna a kai. Hannun ƙofa ya kuɓuce min, na sulale na faɗa kansa. Mota kuwa tana tafiya.

Muryarsa ta fito daga ƙasa, a natse. "Ɗan nan, me ke gabanmu?"

"Mai rake, da baro."

"Hagu ko dama?"

"Dama. Ku ɗan karya hagu. Ya isa. Ku taka birki."

Ya lalubi birki da ƙafa ya taka a hankali, yadda ya saba. Muka tsaya daidai gaban wata rumfar mai abinci, ma'aikata suna zaune da kwanonin shinkafa da wake suna kallon motar da ta zo ba direba. Kawu ya kashe inji. Ya yi salati, sannan ya ce:

"Abin ya zo gaba ɗaya. Ka je ka gaya wa Innarka, amma ka bi da ita a hankali."

"Kawu, ku dubi ƙasa."

Ya duba. Ta gefen cinyarsa ana ganin titi, ga ruwan kwatami yana gudu, filo ɗaya kuma ya riga ya faɗa yana iyo. Mutum huɗu suka ajiye kwanoninsu suka zaro shi ta ƙofa. Ya miƙe tsaye a tsakiyarsu, duk ya kere su. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya daga sama, sannan ya koma ya leƙa ramin ya daɗe yana kallo.

Aka samo wata mota ta kwashe fatun. Tamu kuma aka tura ta zuwa rumfar wani mai walda a bayan wani kamfanin roba, ba nisa. Mutumin Damagaram ne, gajere, shekarun bugun ƙarfe sun cinye masa rabin ji, kullum da alli a bayan kunne da wata dakusasshiyar sukundireba a aljihu. Ya kwance abin da ya rage na kujerar, ya sa ni na kama gefe ɗaya na tabarmar shi ya kama ɗaya. Da muka ɗaga, daɓen motar ya biyo ta, yana ɓamɓarowa falle-falle kamar ƙanzo. A ƙarƙashi akwai laka ja mai danshi, da ɓawon goro, da wani makulli da Kawu ya yi shekara bakwai yana zargin ɗan'uwansa da ɓatarwa, da ƙwayar dawa guda uku da suka tsiro farare fat don ba su taɓa ganin rana ba.

Mai walda ya fara sukar ƙarfen da sukundireba. Inda ta shige, ya kewaye da alli. Kewaye ya haɗu da kewaye har ya zama abin da bai shiga cikin alli ba bai wuce faɗin faifai biyu ba.

"Malam, shekara nawa kana tuƙa tabarma?" ya tambaya da ƙarfi, yadda masu ƙarancin ji ke yi. "Ita ke riƙe da ku. Wa ke wanke cikin nan?"

"Ni da kaina," in ji Kawu. "Bokiti biyu."

"A wata?"

"Kullum."

Mai walda ya zare allin daga kunne, ya dube shi, ya mayar. "Tsatsa ba ta da tsada wajen kiwo. Ruwa take so, da ɗan gishiri, sai kuma a rufa mata asiri. Kai ka haɗa mata duka, har da sabulu."

Kwana tara aka yi ana aikin. Ina tashi daga kamfani sai in hau keke napep in biya. Kullum zan tarar da Kawu a kan benci, hannu a haɓa, kamar mai jinya a bakin ɗakin tiyata. Kafin a kunna wuta sai da mai walda ya cire batir, ya sauke tankin mai, ya janye wayoyi da bututun da ke bi ta ƙarƙashi. Sannan ya fara yanka. Ba a bakin rami yake tsayawa ba, sai ya ci gaba har ya kai inda ƙarfe ke ƙyalli. Kawu ya kasa daurewa.

"Nan fa ɗan ja-ja ne kawai. A bar shi mana."

"Ba a bar mata iri."

Kawu ya riƙa zuwa da shawarwari daga majalisar direbobi. Wani ya ce a shimfiɗa kwanon rufi a buga ƙusa. Wani ya ce a cike da foti, ƙullun da ake cike lotsawar mota da shi, a shafe. Wani ya ce a narka kwalta a kwara a kai yadda yake, ba sai an kankare ba. Mai walda ya ce kwalta a kan tsatsa bargo ne, za ta ji ɗumi ta ci gaba da cinta a ciki. Sauran shawarwarin kuwa bai ji su ba, ko ya ga dama bai ji ba.

Ni aikin ya burge ni. Mai walda ya yanka kwali daidai siffar kowane rami, ya ɗora a kan sabon fallen ƙarfe ya zana ya yanko. Ya kwantar da fallen a kan wani guntun ƙarfen layin dogo, ya bubbuga masa layuka da guduma don kada ya riƙa lanƙwasa in an taka. Waldar ma ba a jere yake yin ta ba. Ɗigo nan, ɗigo can nesa, ya jira ya huce, ya dawo tsakani, wai in aka bi layi ɗaya da zafi ƙarfen murɗewa yake yi. Inda kujera za ta zauna ya ninka ƙarfen. Ya gurje waldar da inji, ya bi sandunan ƙasa da burushin waya, ya shafa musu wani ruwa da ya mayar da ragowar jan baƙi. Bayan ya bushe ya yi jan fenti hawa biyu, sama da ƙasa, ya toshe mahaɗar da gam, sai a lokacin ya shafa kwalta a ƙarƙashi, inda taya ke watso ruwa. Cikin sandunan da burushi ba ya shiga ya ɗura baƙin mai da aka dama da giris.

Wata rana ya sa ni na zauna a ciki ya rufe ƙofa, ya hau kan taya da buta yana zuba ruwa a gilashin gaba. Ya ce in na ji ɗigo in buga. Ɗigo ya sauko min a gwiwa, wani a wuya, wani ya biyo gefen ƙofa. Na yi ta bugawa, shi bai ji ba, sai da ya ƙarar da buta uku. Robar gilashin da ta ƙofa duk sun mutu, aka canja su.

Rigima ta tashi a rana ta tara. An gama komai, daɓe ya yi sumul, ja wur, Kawu yana shafa shi da tafin hannu. Sai mai walda ya ɗauko injin huji ya durƙusa a kusurwa.

"Me za ka yi?"

"Rami."

"Kwana tara kana toshe rami, yau kuma za ka huda min mota?"

Injin ya fara ƙara. Kawu ya yi ta magana, mai walda bai ɗago ba sai da ya huda huɗu, kowanne a inda daɓen ya fi gangara. Ya shafe bakinsu da fenti, ya cusa musu toshiyar roba da ake iya cirewa. Sannan ya ce ruwa baƙo ne, ko ka ƙi ko ka so zai shigo, in bai sami ƙofar fita ba sai ya tare a gidan. Kawu ya ce shi bai taɓa ganin likitan da ya ɗinke mutum sannan ya soke shi ba. Mai walda ya ce ai asibitin bai daɗe a ciki ba ne.

Ranar da muka karɓi mota, Kawu bisa sabo ya jera filonsa biyu da suka tsira, ya haye da ƙarfi. Kansa ya daki rufi, hula ta lotse har kunne. Ya sauko ya miƙa min filon. Mako guda yana tuƙi a hankali, yana cewa titi ya yi nisa. Bai taɓa yarda cewa lafiyarsa ƙalau tun farko ba. Abin da yake gaya wa mutane shi ne lalura ta same su tare, shi da motar, kuma Allah ya ba su lafiya tare. Gishiri dai ya dawo miyar Inna.

Daga nan Kawu ya juya gaba ɗaya. Bokiti ya daina shiga motar, sai tsumma mai ɗan danshi, a bi da busasshe. Takalman ruwa a cire su a ƙasa a sa a buhu. Tabarmar ya sa aka raba ta uku don ta ɗagu da sauƙi, kowace Juma'a a fitar da ita ta sha rana, shi kuma ya durƙusa ya cire toshiyar roba ya leƙa. In damina ta kusa sai ya kwanta a ƙarƙashin mota da gwangwanin baƙin mai. Motar tana nan har yau tana aiki, ko da yake yanzu buhunan dusa take ɗauka.

Matsalar ita ce ya sayi sukundireba irin ta mai walda, kuma bai tsaya a motarsa ba. A filin da direbobi ke jiran lodi a Bompai, in ya ga tsohuwar mota sai ya zagaya ta, ya buɗe ƙofa, ya ɗaga tabarma. Wata Asabar da ba ni da aiki na bi shi. Wani direba ɗan wajen Haɗeja ya tafi sayen fura, kafin ya dawo Kawu ya yi wa daɓen motarsa huji biyar, yana tsaye yana jiransa da fuskar mai albishir.

"Ɗan'uwa, Allah ya taimake ka na zo yau. Dubi."

Mutumin ya duba, ya ajiye kwanon furar a kan taya. "Motata lafiyarta ƙalau na bar ta."

"Ramin yana nan tun da. Ni buɗe shi kawai na yi."

"To mayar min da shi yadda yake."

Aka taru. Magana ta kai gaban shugaban direbobin filin, wani dattijo mai carbi, ya saurari kowa. Ya ce Kawu yana da gaskiya, amma gaskiyar da ba a tambaye ka ba, kuma a cikin motar wani, ba ta da maraba da ɓarna. Hukuncin shi ne daga ranar, in Kawu zai shiga filin, ya miƙa wa maigadi sukundireba a bakin ƙofa, in zai fita a ba shi abarsa. Haka aka yi ta yi wata da watanni. Maigadin, wani tsoho mai fara'a, yakan ajiye ta a gwangwanin da yake sa tocilarsa. Kawu ya koma ƙwanƙwasa motocin mutane da bayan yatsa yana girgiza kai, wanda dokar ba ta hana ba.

Rana ta ƙarshe da na bi shi Bompai, kafin in bar kamfanin jima, mun zo fita ana dab da azahar. Maigadi ya miƙo sukundirebar, sai ya riƙe ta bai saki ba. Ya rage murya.

"Malam, don Allah ko za ka duba min duron nan? Kwana biyu ina ganin ƙasansa da danshi."

Duron ruwan alwala ne na filin duka, a ɗore kan bulo kusa da 'yar rumfar da ake salla, kuma da safen nan aka cika shi. Kawu ya tsugunna, ya shafa gindinsa, ya ce fentin ya kumbura. Ya ce shi ba zai soka ba, taɓawa kawai zai yi. Ya taɓa. Sukundirebar ta shige har mariƙi, da ya zaro ta ruwa ya biyo ta ya jiƙe masa gaban riga. Nan take ya danna babban yatsa a ramin.

Maigadi ya tafi neman bokiti. Bai samu ba, don duk na filin suna wurin masu wankin mota. Ana cikin haka aka kira salla. Direbobi suka fara zuwa da butocinsu, suka tarar da Kawu a tsugunne rungume da duro. Na farko ya tsaya yana kallo, sannan ya miƙa butarsa ƙarƙashin hannun Kawu. Kawu ya ɗaga yatsa, buta ta cika, ya mayar. Na biyu ya matso. Aka yi layi, har da ɗan Haɗeja, wanda ya cika buta biyu. Da layi ya ƙare ni na karɓi ramin, Kawu ya yi alwala ya bi jam'i. Yatsana na nan a wurin har aka sallame, maigadi ya dawo da guntun sabulu da tsumma muka cusa.